Makulli a Bakin Zanin Dina

Ni ban iya lissafin shekara irin na 'yan boko ba. Abin da na sani, ƙawata Dina ta zo Kano daga Wusasa shekarar da motoci suka canza hannu, tana amarya, mijinta Felix yana aikin reluwe. Ta kafa tandar waina a bakin kasuwar Sabon Gari, ni kuma nan Fagge nake gyara mata shinkafa. Haka muka tsufa tare, ita da cocinta, ni da sallata.

Bayan babbar gobarar kasuwa Felix ya samu shanyewar ɓarin jiki. 'Yarsu Angel tana aure a Kaduna. To in Dina za ta fita, sai ta kulle shi ta waje da kwaɗo saboda ɓarayi, ta ƙulle makullin a bakin zani.

Ranar da abin ya faru tana gidana bayan azahar, ruwa ya kece. Kun san halinmu, ruwa na sauka kowa sai ya fito da shara ya juye a kwata, wai ya tafi da ita. Kwalbatin layinsu ya toshe, ruwan ya juyo cikin gidaje. Ɗakinta kuwa a kwari yake. Muna jin labari ta miƙe.

"Fanta, Baban Angel yana ciki."

Babu ɗan adaidaitan da ya yarda ya shiga. Muka bi da ƙafa, ruwa baƙi har cinya, ba ka ganin inda rami yake. Muna dafa bango, tana kiran Yesu, ina salati.

Da muka isa, ruwa na ta kwarara ta ƙasan ƙofa. Ta kai hannu bakin zani, ƙullin ya jiƙe ya ɗame, ya ƙi kuncewa.

Ta ce, "Cije shi."

Na ce, "Da wane haƙorin?"

Ta buga ƙofa tana kiransa. Shiru. Wannan shirun har yau ina jin sa a cikina. Can na ga bakin makullin ya leƙo ta cikin ƙullin, na janyo zanin da ita gaba ɗaya har jikin kwaɗon, na murɗa.

Yana kwance, ruwa ya shanye katifa ya kai masa kunne. Ya karkata wuya sama, shi ya sa bai amsa ba, yana tsoron buɗe baki. Na tallafe kansa, ta fita ta kira maƙwabta, aka ɗauke shi a kan benci.

Tun ranar ta jefar da kwaɗon. Duk shekara in lokacin ya zagayo, sai ta aiko mini da waina, ta raba wa 'yan layi. Felix ya rasu bara, amma har yanzu ba ta kulle ɗakin. In hadari ya haɗo muna zaune, ina kallonta, sai ta kai hannu bakin zani.