Muryar Baba Direba

Goggona tela ce, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinta ba. Tun rasuwar mijinta, Baba Direba, keken ɗinki da tsohuwar wayarta ne abokan hirarta. A wayar nan akwai saƙonnin muryar da yake turo mata daga hanya, kuma ba ta sa almakashi a yadi sai ta saurari ɗaya.

Wata safiya wayar ta nemi a sabunta manhajarta, Goggo ta danna ko karantawa ba ta yi ba. Tun daga nan data ta koma wasan ɓuya, ta zo ta ɗauke. Ga 'yarta tilo a wani gari mai nisa, haihuwa yau ko gobe. Kira zai shigo, a ji "Mama, ina jin..." sai ɗif.

Babu abin da ba mu yi ba. Mun kashe mun kunna, mun cire sim mun goge shi da gefen zane. Har kujera Goggo ta taka a bakin taga tana ɗaga waya sama, ni kuma ina riƙe da kujerar ina ta faɗa.

Da ƙyar na ja ta wurin mai gyara. Ya duba saiti, ya gwada duk dabarunsa, sannan ya ce, "Mama, sai dai a wanke ta gaba ɗaya."

Goggo ta fizge wayarta. "Ka goge min shi? Haba yaro, ai na riga na binne shi sau ɗaya."

Nan tausayinta ya kama ni.

Mai gyaran bai yi musu ba. Ya kwafe saƙonnin a kwamfutarsa, ya ce ba zai taɓa komai ba sai ta ji da kunnenta. Ya kunna, muryar Baba ta cika shagon: "Ki kwashe shanya, hadari ya taso." Masu jiran gyara suka yi tsit. Sai da ta saurare su kaf ta miƙa wayar. Ya wanke, ya mayar mata da kayanta, data ta zauna daram.

Ranar da aka haihu, Goggo ta ga jikanta a bidiyo har ta gaji, kira bai yanke ba. Ta share hawaye da gefen mayafi, ta lalubo saƙo ɗaya ta tura wa 'yarta.

"Kara masa a kunne," in ji ta, "ya ji kakansa."

Saƙon gajere ne: "Buɗe ƙofa, na iso."