Rabin Goron Baba

Kano zuwa Yola

Ƙarfe biyar na asubar Asabar na bar Kano, da tsumma ɗaure a aljihu. A cikinsa akwai rabin goron da ya girme ni. Gab da tafiyar Turawa, jam'iyyu biyu na garinmu suka zauna sulhu, don a daina jifa da ƙaurace wa jana'izar juna. Babana ne jagoran ɗaya, ƙanensa Baffa Sule na ɗayar. Dattijon da ya shiga tsakani ya ɓare goro ya ba kowa rabi, wanda ya ci ya amince. Baffa ya jefa nasa a aljihu ya fice, sai labarinsa aka ji daga Bangui. Baba ya rantse ba zai ci ba sai ƙanensa ya ci.

Da ciwo ya kwantar da shi ya kira ni, ya ba ni rabin nasa a tsumma. "Ka ce wa Sule taron bai tashi ba."

Garoua-Boulaï zuwa Bangui

Kwana biyar na ci kafin iyaka, na hau motar kaya a saman buhunan gishiri. Direban ya ce, "Sojoji sun yi tawaye, kowa fita yake, kai shiga?" Na ce aike ne. Shinge goma sha ɗaya na ƙirga. A na ƙarshe wani soja ya kwance tsumman, ya shinshina, ya mayar mini da shi da sauri.

Kilomita Biyar

Ƙarfe biyun ranar Asabar muka shiga Bangui, unguwar Kilomita Biyar. Kasuwar da ake ba ni labarinta a rufe take, ba kowa sai awaki, ga ƙarar bindiga daga wajen kogi. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Bayan Masallacin Koudoukou na sami Baffa a zaure, tsoho tukuf, da tabarma biyu a shimfiɗe.

"Kada ka taka waccan, ta Yaya ce," in ji shi, tun ban faɗi sunana ba. "Ran Talata bayan La'asar ya zo, da hular jam'iyyarsu. Gardamarsa tana nan. Na daka nawa na ci a gabansa."

"Baffa, a kwance na bar shi."

"Ya ce nasa na hanya, kai za ka ci masa."

Na miƙa masa rabin Baba. Ya daka a ƙaramin turmi, na watsa a baki. Ban taɓa ɗanɗana ɗaci irinsa ba. Ya shafa fatiha, ya naɗe tabarmar.

Gida

Kwana tara na yi a hanyar dawowa. Na tarar an riga an yi sadakar bakwai. Inna ta ce ran Talata ne, bayan La'asar, kuma kafin shahada ta ji ya ce, "Sule, ci mana."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da direban gishiri da bai ƙara tambayata ba. Allah ya jiƙan Baba.