Shuɗin Gishirin da Muka Zuba a Kududdufi

Matso kusa, mai karatu, in ba ka labarin da har yau in na tuna sai na ja tsaki ni kaɗai a ɗaki. A shekarun da aka bar fam da sule aka koma naira, ina aure a cikin birnin Zariya, wajen Ƙofar Gayan, da 'ya'yana uku. Ban yi boko ba, ba na kuma fita, amma kunnena yana fita, don duk abin da ake yi a bayan katangarmu ina ji. Bayan katangar nan kududdufi ne, ramin da aka haƙi ƙasar ginin unguwa, ruwan sama ke cika shi. Da shi nake wanki in yara sun ɗebo mini, don sabulu kaɗan za ka sa ya yi kumfa har gwiwar hannu, ba irin na rijiyarmu mai zartsi ba. A ciki akwai tarwaɗa da karfasa, kuma dokar unguwa ce ba mai jefa ƙugiya sai ruwa ya ja baya da rani, a yi su rana ɗaya, a raba wa kowane gida. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ba ta da kowa, rabonta take kyafewa ta yi ta miya da shi har damina.

Sai biyu daga cikin yarana suka fara fitsarin jini. Ƙanin mijina, wanda ke leburanci wajen 'yan duba-gari, ya shigo da wani gishiri shuɗi a gwangwani, wai da tagulla ake haɗa shi. Ya ce katantanwar ruwa ce ke kawo ciwon, kuma da idonsa ya ga an zuba wannan awon a wani tafki a ƙauye, katantanwa ta mutu, kifi ko tari bai yi ba. Mutum ne da in ya ɗauki jakar likita sau ɗaya, to ya zama likita. Maigida ya ce a dakata a sanar da mai unguwa. Ni kuwa na hana shi shan furarsa da mita, ina cewa sai jinin yaran ya ƙare ne za a gama shawara? Da ludayina aka auna, aka zuba a kududdufin.

Washegari da magariba na ji unguwa wani iri. Na kasa kunne, ashe kwaɗi ne ba su yi kuka ba. Da safe sai ihun yara, sai salatin tsohuwar nan. Kifi ne ya taso gaba ɗaya, ciki sama, har 'yan ƙanana. Mai unguwa ya hana kowa ci, aka haƙa rami aka binne, wari ya kwana biyu yana bin mu har cikin tuwo.

Da malamin tsafta ya zo, daga zaure ya aiko a tambaye ni ko ruwan yana saurin kumfa. Na ce sosai ma. Ya ce to shi ke nan. Ruwan ƙauyen can mai zartsi ne, yana riƙe dafin tagullar, namu kuwa na sama ne, ba abin da zai tare shi, sai ya wuce kai tsaye cikin kifi. Awo ɗaya, ruwa daban. Ina jiyo ƙanin mijina yana ta cewa haka ne, haka ne, kamar shi ya koya wa malamin. Yaran kuma sai da aka kai su asibiti suka warke, abin da tun farko ya kamata a yi.

Tsohuwar ta shigo bayan kwana biyu. Na shirya shan zagi, amma jikin yara kawai ta tambaya, ta ce mini 'yar nan Allah ya ƙara sauƙi, ta fita. Da ta zage ni da ya fi mini. Duk ranin nan ina jin ƙamshin miyarta ta katanga, kuka ce zalla da daddawa.

Na koyi cewa maganin da ya yi daidai a ruwan wasu yana iya zama guba a naka, kuma ɗan aiken masani ba masani ba ne. Kai mai karatu, abin nan da aka ba ka a gwangwani aka ce ya yi aiki a garin su wane, ka tambayi wanda ya sani irin ruwan da za ka zuba shi a ciki?