Tsintuwar Dikko Mai Fito

Dikko ya gaji fito daga mahaifinsa a Gulbin Zamfara, kusa da Gummi. Mutum ne marar yawan magana, amma an san shi da abu guda: ko takalmi ɗaya ka manta a jirginsa, zai bi ka da shi har gida.

Da kakar 1999, ya tsinci wani abu a fadama, ya maƙale a cikin shinkafa: fasasshen balan-balan, igiya, da wani abu mai kusurwoyi na takarda mai ƙyalli. Ya naɗe shi a tsumma ya shiga cigiya. Ya kai shi kasuwar Gummi, ya kai Bukkuyum, har Anka ya aika da saƙo. Wasu suka ce na aljanu ne. Matarsa Zubaida dai ta sama masa wuri a rataye, nesa da gara.

Wata rana Malam Hosea, mai koyar da kimiyya a sakandare, ya shiga jirginsa. Dikko ya kwance tsumman.

"Malam, wanga abu na wa ne?"

Hosea ya jujjuya shi. "Na masu auna iska ne, Baba. Daga wani filin jirgin sama ake sakinsa. Akwai na'ura, rada, tana aika masa sigina, ƙyallin nan ya mayar mata. Da haka suke sanin inda iskar sama ta nufa da irin gudunta."

"To ina zan same su?"

"Ba sa nemansa. Tun da suka sake shi ba su sa ran ya dawo ba."

Dikko ya tsayar da tuƙi, jirgi ya ɗan bi ruwa.

"Ya gama musu aiki, babu mai tambayar inda ya kwana?"

Da Hosea zai sauka ya ce abin zai yi amfani a fadama, tsuntsu na tsoron ƙyalli.

Sai da shekara ta zagayo Dikko ya yarda. Zubaida ta ɗinke inda ya yage, suka kafa shi a gonar Inna Naja'atu, maƙwabciyarsu da 'ya'yanta suka tafi birni, ba ta da mai kora mata tsuntsu. A shekarar ta ci shinkafarta. Ta aiko musu da tuwo a akushi, Dikko ya ce a ɗiba wa Malam nasa tun da zafi.