Baba Ya Ajiye wa Doguwa Littattafanta

Ƙarfe bakwai da rabi Baba Mai Makulli yake buɗe ɗakin karatu na sashen nazarin ƙasar Sin, inda masu digiri na biyu da na uku suke wuni. Sai ya fara da tagogi, ya kunna fankar da ba ta kuka, sannan ya zaro tsumma daga aljihu ya bi kantoci ɗaya bayan ɗaya. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana haka. Mu da muke shagon fotokwafi a ƙetaren baranda, ƙarar makullansa ita ce agogonmu.

Baba bai iya karanta ko harafi ɗaya na Sinanci ba. Amma kowane littafi ya raɗa masa suna da kamannin rubutun da ke bayansa: Mai Tsani, Mai Taga Biyu, Tsoho da Sanda. Har Farfesa da kansa yakan leƙo ya ce, "Baba, wa ya ɗauki Tsoho da Sanda?" Sababbin ɗalibai kuwa in sun gaishe shi da "ni hau", wato sannu da Sinanci, don su gwada abin da suka koya, sai ya ce, "Lafiya lau, sai dai gwiwa."

A kantar ƙasa kusa da teburinsa akwai littattafai bakwai a jere, kowanne da 'yar takarda a tsakiya. Na Doguwa ne, wata ɗaliba da take rubutu a kan fataken Sin na da can da suke bin teku. Saura babi biyu ta gama aka bugo mata cewa mahaifiyarta ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Ta tattara littattafan ta ɗora a teburin Baba.

"Baba, sati biyu kawai. Ka ajiye mini."

Ya yayyaga wani tsohon ambulan, ya sa mata alama a duk shafin da ta tsaya. Yau shekara shida ke nan.

Sakataren sashe ya yi magana har ya gaji. "Baba, doka ta ce wata uku. Ka mayar da littattafan nan wurinsu."

"Ranka ya daɗe, ta ce in ajiye mata. Ba ta dawo ta ce in daina ba."

Bai hana kowa karantawa ba. Wanda yake so ya ɗauka ya zauna a gabansa, in ya gama Baba ya duba ko takardar tana shafinta, ya mayar.

Duk farkon zango yakan tsallako shagonmu ya miƙo mini wayarsa, don idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Saƙon ba ya canzawa: "Littattafanki suna nan. Babban yana shafi na ɗari biyu da sha biyu." Da fari tana amsawa. Bayan rasuwar mahaifiyarta sai shiru. Yakan tsaya ya ɗan kalli wayar, ya ce, "Ta gani ai," ya koma bakin aikinsa.

Bana sai abu biyu suka haɗu. Takardar ritayar Baba ta fito, ƙarshen wata zai tafi. Sannan aka liƙa sanarwa cewa duk wanda bai sabunta rajista ba kafin biyar ga sabon wata, an cire sunansa ke nan har abada. Baba ya zo ya sa na rubuta mata ranar. Ya ƙara da, "Ni ma zan tafi ƙarshen wata." Sai kuma ya ce, "A'a 'yata, goge wannan. Kada ta zo don tausayina. Ta zo don karatunta."

A satin ƙarshe ya juya kujerarsa ta fuskanci ƙofa. Duk takun takalmin mace a baranda sai ya ɗaga kai. Ranar Juma'a aka yi masa ɗan taron shayi, Farfesa ya yi jawabi, Baba yana murmushi, idonsa na kan ƙofa. Ba ta zo ba. Ya goge littattafan bakwai, ya damƙa makullai ga sabuwar ma'aikaciyar da za ta gaje shi.

"Wannan kantar ta ƙasa…"

"Na sani, Baba. Ba mai taɓawa."

Ranar Litinin da hantsi wata doguwar mata ta tsaya a bakin ƙofar, riƙe da hannun 'yar yarinya. Ta dubi kujerar da ke kallonta, babu kowa a kai. Ta durƙusa ta zaro babban littafin, ya buɗe da kansa a wurin takardar, wadda har ta yi ja don tsufa.

"Ina Baba?" in ji ta.

Sai da ta gama rajista aka kira shi, aka sa wayar a fili kowa yana ji. Rediyon gidansa muka fara ji. Can ya ce, "Doguwa, sati biyun naki ya yi tsawo."

Ta fara dariya, dariyar ta koma kuka.

"To ya isa. Ki zauna ki yi karatu. Kuma kada ki lanƙwasa mini shafi, ga takarda nan na sa miki."

Baba, kai ne mai riƙon amanar da mai ita ma ta fid da rai da ita. Ba ka taɓa taka ƙasar Sin ba, ba a taɓa sa maka hular digiri ba, amma ka tsare wa mutane hanyar zuwa can. Mun gode. Allah Ya ba ka lafiyar gwiwa, Ya sa ka zo ka ga ranar da za a kira sunan Doguwa.

Duk wanda aka ba wa ajiya a wurin aikinsa, ko da 'yar takarda ce a tsakiyar littafi, ya riƙe ta irin riƙon Baba.

Har yanzu ana buɗe ɗakin ƙarfe bakwai da rabi. Makullan su ne dai, amma ƙarar ba irin taka ba ce, Baba. Kullum sai mun ɗaga kai.