Ƙarfen da Ayuba ya ce in riƙa ba ruwa

Shekara tara ke nan da muka binne Ayuba mai gyaran rediyo a Kafanchan, ni kuwa sai watan jiya aka sallame ni daga aikin da ya ɗora mini.

Aji uku na yi a makaranta, malam ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, don haka masu digiri su yi haƙuri da bayanina. Majami'armu tana da amfilifayar gita, wato na'urar ƙara sauti, muryarta kamar akuya ta sa kai a gwangwani. Ayuba ya kwance ta, ya yanke wayar da sauti ke fara bi, ya huda bayanta, ya ƙera wani akwati daban mai kwalabe biyu na tsohon rediyo, irin masu yin ja kamar garwashi. Gita ta shiga akwatin, akwatin ya miƙa wa amfilifaya. Ranar da aka fara kaɗawa, wata baƙuwa daga Kagarko ta tambaya ko daga Turai aka kawo mana.

Amma kwalaben nan wuta suke ci mai yawa, ginin kuma ba shi da wayar ƙasa. Sai ya kafa dogon ƙarfe a bayan taga, ya ɗaura masa waya daga akwatin. Ya ce busasshiyar ƙasa ba ta shan wuta.

"Gambo, tunda ba ka iya waƙa ba, ga naka aikin Ubangiji. Bokiti biyu kowace Lahadi, duk rani."

"Wato dikon, mai hidimar majami'a, ka naɗa ni a kan ƙarfe?"

"Ranar da ka manta, mai gita ne zai zama ƙarfen."

Sau ɗaya na tafi biki Kauru ban bar wa kowa sallahu ba. Na dawo na ga baƙaƙen layukan ƙuna a yatsun Ayuba, don shi ne mai gitar a lokacin, daidai inda tsirkiya take zama. Ba wutar ce ta kashe shi ba, ciwon hanta ne ma ya ɗauke shi.

Yanzu dattawanmu duk 'yan boko ne. Shugabansu, tsohon hedimasta, ya ce bai kamata baƙi su ga tsoho yana shayar da ƙarfe a bayan ɗakin Allah ba, ya yi kama da tsafi. Aka kira birkila, ya tumɓuke ƙarfen, ya shafe wurin da siminti sumul. Wayar tana nan tana reto a jikin taga. Da Ayuba zai leƙo, na san ba zai yi musu da hedimasta ba. Mai riƙe da gitar kawai zai kalla, ita ce 'yarsa Rifkatu.

Lahadin da ta wuce akwatin ya yi ta gurnani a ƙarƙashin waƙa. Da aka tashi na tare ta.

"'Yata, yaya hannu?"

"Baba, tsirkiyar tana ɗan cizo na, amma ba komai. In ban yi gumi ba, ba na ji sosai."

Na so in zare fis ɗin da ke ba akwatin wuta, sai na tuna mutanenmu: waya za su naɗa a gurbinsa su ci gaba. Sai na jira kwalaben suka huce, na zare su biyun, na sa a safa na tafi gida. Ba a sayar da irinsu a kasuwarmu, amfilifayar kuma ba ta magana sai da su.

An aiko mini takarda in bayyana gaban dattawa, da kalmar sata a ciki, an ma rubuta ta da kyau. Rifkatu ta daina gaishe ni. Ta ce muryar babanta na ɗauke mata, kuma gaskiyarta, don ba shi da hoto mai kyau, ba shi da gida, wannan sautin ne ya bari.

Ni dai a nawa lissafin na ɗan aji uku, abu biyu ya bari, ɗaya na gilas, ɗaya mai numfashi. Ranar da aka fasa siminti aka sake kafa ƙarfen zan mayar da kwalaben da hannuna. In kuma na riga simintin tafiya, na gaya wa matata ta sa mini safar a cikin akwatin gawa.