Agogon Paris ba laifin Malam Sanda ba ne

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin fita aiki a nan Douala, sai ga kiran ƙanwata daga Garoua: Malam Sanda ya rasu. Na kasa fita.

Duk wanda ya yi lise teknik, wato sakandaren fasaha, a shekarunmu ya san shi, dogon malamin lantarki mai biro a bayan kunne. Bayan ya yi ritaya ya buɗe shago kusa da babbar kasuwa. Ni kuma na dawo daga jami'a da kwali da girman kai, ya ɗauke ni abokin aiki.

Aikinmu a kan ƙananan allunan lantarki ne, kowanne bai fi tafin hannu ba. Irin wannan allo ba shi da ƙarfin haɗa wa kansa tsarin da zai yi aiki da shi. Sai an haɗa masa Linux a babbar kwamfuta, a zuba a kati, a saka masa. Awa huɗu kwamfuta tana gurnani, ana dab da gamawa a ɗauke wuta. Ko kuma a gama lafiya, a kunna allon, shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Ni sai in hau zagin allo. Shi kuwa ya jona waya daga allon zuwa kwamfuta, ya koma can layin farko na rubutun da allon ke fitarwa, yana bi da bakin biro.

"Dusman, a hankali, Injiniya. Nemi kuskuren farko, sauran duk 'yan rakiya ne."

Bai taɓa cin ƙosai shi kaɗai ba. Lokacin da aka kwantar da mahaifiyata, sati biyu shi yake kai ni asibiti a bayan babur ɗinsa.

Amma akwai abin da nake ɗauke da shi, yau zan sauke.

Mun taɓa yi wa wani masallaci a Guider agogon sallah. Ladan ya jona shi da lasifika don ya riƙa ƙarar shan ruwa a watan azumi. Ni na haɗa tsarinsa, kuma don ragwanci na kwafo saitin daga shafin wasu Faransawa, ban karanta ba. A ciki an sa lokacin Paris. Mun gwada shi a watan Janairu, lokacin da agogonmu da nasu suke daidai, komai lafiya lau. Na manta su can suna tura agogonsu gaba da awa guda a ƙarshen Maris.

Azumin shekarar kuwa ya ratsa ƙarshen Maris. Da rana ba wanda ya kula, kowa da wayarsa. Sai ga ƙarar shan ruwa rana tana sama. Masu ido suka yi dariya. Baffa Yero, wani tsoho da ba ya gani, ya ɗauki moɗa ya sha.

Washegari muka hau mota zuwa Guider. Malam ya jona wayarsa da agogon a gaban jama'a, bai yi minti biyar ba bironsa ya tsaya a kan layin da ke da lokacin Paris. Ya dube ni sau ɗaya. Sannan ya juya wajen Liman.

"Allah gafarta Malam, kuskurena ne. A yafe mini."

Ina tsaye a bayansa. Wallahi bakina bai buɗe ba.

Bayan ƙaramar sallah, ranar da Baffa Yero zai rama azuminsa, Malam ya koma Guider da nasa azumin a baki, suka sha ruwa tare. Duk da haka sunan ya bi shi. Har a Garoua ana tsokanarsa da Malam Agogon Paris, wasu masallatai biyu suka fasa ba shi aiki. Ni da na yi ɓarnar na samu aikin Douala da takardar yabo da ya rubuta mini da hannunsa.

Haɗuwarmu ta ƙarshe da babbar sallar bara ce. Ya rame, amma biron yana nan. Na ce, "Malam, maganar Guider, ina so in faɗa wa mutane."

Ya ce, "Bar ta. Sunana ya riga ya bushe a lokacin, naka kuwa ɗanye ne. Sha shayinka."

Na sha shayin. Na ji daɗin da ya hana ni, kuma wannan ne ya fi ba ni kunya.

Malam, yau kam zan saɓa maka. Jama'a, ni Ɗanladi, ni na sa lokacin Paris a agogon nan. Duk wanda ke Guider, don Allah ya kai wa Liman wannan magana kafin addu'ar uku, a faɗe ta a masallacin da aka ji ta farko.

Allah Ya jiƙan Malam Sanda, Ya haskaka kabarinsa, Ya rufa masa asiri a can kamar yadda ya rufa mini a nan. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, ya yi masa addu'a. Kuma ya kira shi da sunansa.